Ina rufe ido sai hotuna su fara zuwa da kansu, Gwaggo tace namijin dare ne

Saƙon da ya shigo:

"Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Ni tela ce a Unguwar Rogo nan Jos, shekarata 24, an sa bikina bayan babbar Sallah. Tun ina yarinya in na kwanta nakan rufe ido in dinga tsara ɗinki a kaina, in ga wuyan riga in ga hannu in canza kala, da haka ma nake samo yawancin sitayil ɗina. To yanzu abin ya canza, ina cikin tsarawa sai hoton ya ƙwace min, zanen atamfa ya dinga juyawa da kanshi, sai fuskokin mutanen da ban taɓa gani ba su dinga fitowa ɗaya bayan ɗaya, wani sa'in inji na faɗo daga sama in zabura. Sau biyu naji muryar Mamana Allah ya jiƙanta ta kira sunana ƙarara. Satin da ya wuce kuma na koma barci bayan Asuba, na farka na kasa motsi, ƙirjina a danne, ga wani abu baƙi tsaye bakin ƙofa. Na faɗa ma Gwaggona tace namijin dare ne baya son auren, wai akwai mai maganin da za'a kaini amma sai an kawo kuɗi da baƙar akuya, kuma kar dangin miji suji. Yanzu tsoron kwanciya nake, shayi nake ta sha ina ɗinki har ƙarfe biyu ko uku sai na gaji liƙis, wuta kuma a kunne nake barinta. Anti hauka zan fara ne ko da gaske aljani ne?"

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Mama ya kai haske kabarinta, ya sa albarka a bikin nan ya kaimu lokacin da rai da lafiya.

Bari in fara da abinda ya hana ki runtsawa. A duk abinda kika lissafo banga alamar hauka ba, kuma kowanne cikinsu, tun daga atamfar da ke juyawa har mai tsayuwa bakin ƙofa, abu ne sananne da aka daɗe ana nazarinsa, yana faruwa da Bature da Basine da Bahaushiya, mai aure da marar aure, wanda aka sa ma rana da wanda ko saurayi babu. Tun 1848 wani masani ɗan Faransa Alfred Maury ya raɗa ma hotunan bakin barcin nan suna, shi kanshi yana yawan ganinsu, daga sunan ne likitoci suke cewa hipnagojiya. A 1996 aka buga wani bincike da aka tambayi mutum kusan 5,000 a Birtaniya, kashi 37 cikin ɗari sukace suna gani ko jin wani abu a daidai lokacin da barci ke ɗaukarsu. Sama da mutum ɗaya cikin uku fa kenan. In namijin dare ne ke yin wannan toh lallai aiki ya masa yawa.

Mu mun ɗauka barci farat ɗaya yake zuwa, yanzu kina ido biyu yanzu kin tafi, alhali ba haka yake ba. Tunda wani likita Bajamushe Hans Berger ya fara auna ɗan lantarkin da ke gudana a ƙwaƙwalwar mutum a 1924, aka samu hanyar liƙa ma mutum wayoyi a fatar kai a zauna ana kallon yadda barci ke shigarsa. In kika rufe ido kika natsu amma baki yi barci ba, ƙwaƙwalwa tana kaɗawa kamar sau 8 zuwa 12 a sakan ɗaya, shi suke kira alfa, kuma a nan kike lokacin da kike tsara wuyan riga, ke ce da iko, kince hannu ya buɗe ya buɗe, kince kore ya koma ruwan ƙasa ya koma. Can sai kaɗawar ta ja baya ta koma wajen 4 zuwa 7, ƙwayar ido ta fara lilo a hankali ƙarƙashin fata, wuya ya saki, numfashi ya canza, wannan shine matakin farko na barci, gyangyaɗin nan namu, kuma 'yan mintuna ne kawai. Abin dariyar, in aka tada mutum a wannan matakin sau da yawa rantsuwa zai miki shi ba barci yake ba, yana jin komai. Kin san irin dattijon da kai zai faɗo a wajen wa'azi a taɓa shi yace ai sauraro yake, toh ba lallai ƙarya yake ba, shi a jinsa haka ne.

Ki duba yadda kasuwar Taminus ke tashi da magariba, ai ba lokaci ɗaya kowa ke ja ƙofa ba, mai atamfa ya rufe ya tafi, mai takalma yana nan yana ƙirga ciniki, mai shayi ma sai lokacin yake hura wuta. Haka ƙwaƙwalwa take kwanciya, sashe sashe. Akwai wani wuri can tsakiyarta, talamus, ta nan saƙon ido da kunne da fata ke bi kafin ya isa sama, an auna an ga yana riga sauran lafawa da wasu mintuna. Ɓangaren goshi mai tsara tunani da tantance wannan gaske ne wannan ni na ƙirƙiro, shima sai ya fara sakin aiki. Amma ɓangaren gani da na ji basu rufe ba tukuna, kuma tunda ba abinda ke shigo musu daga waje sai su koma kan kayan da ke ajiye a ciki su dinga fito dasu ba tsari. Shi yasa abin yake tafiya hawa uku. Da farko ke kike yin hoton. Daga nan hoton ya fara yin kanshi kina kallo, amma kin san kina kwance a ɗakinki, har kina iya jin ƙarar janareton maƙota. Daga ƙarshe ki manta da ɗakin gaba ɗaya ki tsinci kanki a cikin abin, kina tafiya kina magana da mutane, wannan ya zama mafarki kenan. Duk ɗan Adam ta wannan hanyar yake bi kowane dare, sai dai yawancin mutane suna wucewa da sauri kuma basa tuna komai da safe. Ke kuwa shekara da shekaru kina horar da kanki ki kwanta ki zuba ma hoton cikin kai ido, shi yasa hankalinki yake kaiwa hawa na biyu bai gama tafiya ba, sai kike ganin abinda wasu suke wucewa a makance. Wannan shine kawai bambancinki da ƙanwarki da ke minshari a gefe.

Zancen atamfa kuwa ai shi yafi komai sauƙin ganewa. A shekarar 2000 wani mai binciken barci a jami'ar Harvard ta Amurka, Robert Stickgold, shi da abokan aikinsa suka sa mutane buga gem ɗin Tetris awanni, wanda ake jera 'yan tubala suna faɗowa daga sama, da dare ana tada su daidai bakin barci ana tambayar me suka gani, da yawansu sukace tubalan nan ne suke ta faɗowa. Wani abin mamaki har da masu lalurar mantuwa a cikinsu, waɗanda wajen ajiye sabon abu a ƙwaƙwalwarsu ya lalace, basu ma tuna sun buga gem ɗin ba, basu gane wanda ya koya musu ba, amma wasunsu suka bada labarin ganin wasu siffofi suna saukowa basu san daga ina ba. Kenan duk abinda ido ya wuni yana maimaitawa shi yake dawowa a bakin barci ko mutum ya so ko bai so ba. Ki tambayi direban da ya wuni tsakanin Jos da Abuja yana hawa da sauka Hawan Kibo me yake gani in ya kwanta, zai ce miki titi ne ke ta tahowa. Mai tsintar shinkafa ƙwayoyi take gani, mai zaɓen tumatir a Farin Gada ja take gani. Ke da kike wuni kanki a sunkuye kan yadi da leshi, yanzu kuma kin ƙara da rabin dare, me kike so ki gani in ba zane ba?

Fuskoki ma haka. Suna cikin abubuwan da mutane suka fi ambata, kuma yawanci baƙi ne, su fito ɓaro ɓaro na ɗan sakan su narke wata ta maye gurbi, wani sa'in da murmushi wani sa'in a murtuke. Ƙwaƙwalwa tana da sashe guda da aikinsa gane fuska, mai zumuɗi ne ƙwarai, shi ke sa ki ga ido da baki a jikin soket ko gajimare, toh in aka barshi ba mai tsawata masa haɗa fuska yake daga guntayen dubban da kika taɓa wucewa a hanya. Faɗowa daga sama da zabura kuwa wannan kusan kowa ya sani, tsoka ce ke fizga lokaci ɗaya yayin da jiki ke saki, yafi yawa in an gaji ko an sha abu mai hana barci, bashi da wata illa sai faɗuwar gaba.

Muryar Mama ce nasan tafi taɓa ki, dan haka bari in ɗan tsaya a nan. Jin an kira sunan mutum a bakin barci abu ne da ake yawan samu, wasu suji ƙwanƙwasa ƙofa, wasu ringin ɗin waya, wasu ma ƙara mai ƙarfi a cikin kai su tashi a firgice su tarar gida tsit. A duk sautin duniya ba wanda kunnenki ya sani irin sunanki, kuma ba bakin da ya kira shi sau da yawa irin na wadda ta haife ki. Ga biki ya matso, lokacin da kowace yarinya take neman uwarta a kusa, ko baki faɗa ba nasan kina kwanciya da tunanin da tana nan da itace zata tsaya kan kayan ɗaki. Toh in ɓangaren ji ya buɗe ajiyarsa wace murya ce a sama? Mutane da yawa da suka yi rashi suna jin muryar mamacinsu ko suji kamar yana kusa, ba ciwo bane. Nasan ana cewa in kaji kira da dare kar ka amsa, toh ba sai kin amsa ba, ki mata addu'a, Allahummagfir laha warhamha, ki gyara kwanciya. In kuka yazo ki yi abinki, ba laifi bane.

Wani abu da zai baki sha'awa, malamanmu na fiƙihu sun daɗe da sanin barci hawa hawa ne. Ki tuna Ishmawi da aka biya mana a Islamiyya, inda aka kasa barci huɗu wajen warware alwala: dogo mai nauyi da gajere mai nauyi suna warwarewa, gajere mara nauyi baya warwarewa, dogo mara nauyi an so a sake. Da masu sharhi suka zo bayanin yadda ake gane mai nauyi sai suka ce shine wanda abu zai faɗi daga hannun mutum, kamar carbi, ko miyau ya zubo, ko ayi magana kusa dashi bai sani ba. Wannan sakin hannun shi ake bada labarin Thomas Edison mai ƙere ƙeren nan na Amurka yana amfani dashi, ya zauna a kujera riƙe da ƙwallon ƙarfe, da gyangyaɗi ya kwashe shi ƙwallon ya faɗi ya farka ya rubuta abinda yazo masa. A 2021 masu bincike a Paris suka gwada dabarar, suka ba mutane lissafi mai ɓoyayyiyar gajeriyar hanya, suka barsu su huta riƙe da wani abu a hannu, waɗanda suka ɗan taɓa matakin farkon nan ko da na sakan 15 ne sun ninka waɗanda suka zauna ido biyu kusan sau uku wajen gano hanyar, amma waɗanda suka zarce barci mai nauyi basu samu wannan ribar ba. Kinga abinda ake son a kaiki a cire miki da baƙar akuya, wasu neman shi suke da gangan. Ni banyi mamaki da kikace a nan kike samo sitayil ba.

Saura dannau, wanda shine mai ban tsoron gaske, kuma shi daban yake da na farkon duk da 'yan gida ɗaya ne. A 1953 a jami'ar Chicago, Eugene Aserinsky da malaminsa Nathaniel Kleitman suka gano akwai wani matakin barci da ido ke ta zirga zirga da sauri ƙarƙashin fata, ƙwaƙwalwa tana aiki kusan kamar a farke, a nan ake yin dogayen mafarkan nan masu labari. Yakan fara zuwa wajen minti 90 bayan an yi barci, yana dawowa sau da yawa a dare, kuma yafi tsawo can wajen Asuba da safiya. A cikin wannan matakin ƙwaƙwalwa da kanta take kashe ƙarfin tsokar hannu da ƙafa da wuya, rahama ce, dan kar wadda ke mafarkin gudu ta tashi ta afka ma bango. Dannau yana faruwa ne in hankali ya farka amma wannan kullen bai buɗe ba tukuna. Ido na motsi, kina ganin ɗakin, jiki kuma yaƙi. Numfashi yana nan yana tafiya da kanshi, bai tsaya ba kuma bazai tsaya ba, sai dai guntu guntu ne irin na mai barci, ke kuma a tsorace kina son jan dogo ya ƙi jawuwa, shine kike jin an danne ƙirji. Sannan ragowar mafarkin bai gama janyewa ba, ga tsoro ya kai maƙura, sai ƙwaƙwalwa ta nemo abinda zata ɗora ma tsoron, ta ɗauki inuwar hijabin da ke rataye ko duhun bakin ƙofa ta miƙar dashi tsaye. Kowace al'umma da abinda take gani, wasu tsohuwa, wasu fatalwa, mu kuma aljani. Wani nazari na 2011 da ya tattara bincike da dama ya nuna kusan mutum 8 cikin ɗari sun taɓa yinsa, a cikin ɗalibai kuwa ya kai wajen 28 cikin ɗari, wataƙila dan sune gwanayen kwana ido biyu da barci ba kan lokaci ba. Yanzu ki duba naki: bashin barci ya taru, kin koma kwanciya bayan Asuba lokacin da barcin mafarki yafi yawa, kuma ina kyautata zaton rigingine kika yi dan a haka yafi kama mutane. Komai ya haɗu.

In ya sake zuwa kar ki yi kokawa dashi, kokawar ke ƙara firgici. Ki ce a ranki dannau ne, yanzu zai wuce, dan daga 'yan sakanni ne zuwa minti ɗaya ko biyu. Ki rufe ido in abinda kike gani na tsorata ki, ki karanta abinda ya sawwaƙa a zuci, ki maida hankali kan motsa ɗan yatsa ɗaya ko harshe. In ya sake ki kar ki koma a yadda kike nan take, tashi zaune ki sha ruwa ki juya ɗaya gefen.

Toh yanzu faɗa zan miki ƙanwata, dan maganin da kika ɗauko shine yake ciyar da ciwon. Shayi har ƙarfe uku, wuta a kunne, sai kin gaji liƙis, wallahi ko so kike ki ƙara ganin fuskoki da dannau ba abinda zaki yi ya wuce wannan. Sinadarin kafeyin mai hana barci da ke cikin shayi da kofi da goro da lemukan ƙara kuzarin nan yana ɗaukar wajen awa 5 kafin rabinsa ya bar jini, kenan shayin da kika sha ƙarfe ɗaya na dare yana nan yana aiki har bayan Asuba, jiki na son barci shi yana riƙe hankali, sai ki daɗe a tsaye a hawa na biyun nan maimakon ki wuce. Rashin barci kuma yana sa barcin mafarki ya dinga kutsowa da wuri da ƙarfi dan ya rama bashinsa. Tsoro ya hana barci, rashin barci ya kawo hotuna, hotuna su ƙara tsoro, an gudu ba'a tsira ba. Nasan sanyin Jos baya barin mutum ya rabu da abu mai zafi, toh bayan La'asar ki koma ruwan citta da kanumfari ba ganyen shayi, ko kunu, ko madara mai ɗumi. Babban mutum yana buƙatar aƙalla awa 7. Ki tsaida lokacin kwanciya ɗaya, ki rufe keken ɗinki da wuri ko da kwastoma zasu yi ƙorafi, ai gara ki rage karɓar ɗinkin Sallah da ki shiga ɗakin miji a rame ido a zurme. Wayar ma a ajiye ta, ba'a kwanta ana kallon sitayil a Instagram ba sannan ace atamfa na juyawa. In duhu ne baki so ki bar ƙaramar fitila a ƙasa can nesa da ido, ki kuma kwashe kayan da ke rataye a ƙofa. Tsara ɗinki a kai kuma ki ɗan dakatar dashi da dare na sati biyu ko uku, ki maida shi rana ki zana a littafi, in hankali ya kwanta kya koma abinki. Ranar da hotunan suka zo kar ki bi su da ido kina jiran mummuna, ki barsu su wuce, hankalinki na kan numfashi ko tasbihi.

Azkar ɗin barci ki riƙe su da kyau, kuma dama sunna ta riga ta baki tsarin da ya dace da matsalarki: alwala, kwanciya ta gefen dama, Ayatul Kursiyyu, Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tofa a tafin hannu a shafe jiki sau uku. Hadisi ya kasa mafarki uku, akwai bushara daga Allah, akwai tsoratarwar Shaiɗan, akwai kuma zancen zuci, abinda mutum ya wuni yana saƙawa. Kenan tun a addini ba kowane abin da aka gani a barci ne saƙo ba. In kin ga abin ƙi, ki yi tofi ta hagu sau uku, ki nemi tsari, ki juya kwanciya, kar ki dinga yawo da labarin.

Gwaggo kuma kar ki yi mata gardama ko ki nuna mata boko, tsoro ne irin na uwa, gani take amanar 'yar ɗan'uwanta na hannunta. Ba wanda yace babu aljanu, Alƙur'ani ya ambace su. Amma baƙar akuyar nan a nan zaki tsaya ki ƙi cikin ladabi, dan yanka domin wanin Allah abu ne da Annabi SAW ya la'anci mai yinsa, yana cikin Sahihu Muslim, ruƙiyya ta gaskiya karatun Alƙur'ani ce da addu'a, zaki iya yi ma kanki, bata buƙatar kalar akuya. Kuma ni duk mai maganin da ya fara da kawo kuɗi, kar kowa yaji, a kawo budurwa ita kaɗai, bana yarda dashi ko kaɗan, an sha jin yaran da aka yi ma duka da hayaƙi ko abinda ya fi haka muni da sunan cire iska. Ki ce mata Gwaggo ki bani sati uku in gyara barcina in riƙe azkar, in bai ragu ba sai mu je asibiti tare. In kina ganin bazata ji daga bakinki ba ki samu malamar Islamiyyarku ko wani kawu da take jin nauyinsa ya mata bayanin yankan.

Angon naki kuwa ni a ganina ki faɗa masa, amma ba da fuskar tona asiri ba, dan ba asiri bane. Cikin hira kawai, kice wani lokacin dannau na kama ni, in kaji ina gurnani cikin barci ka taɓa ni ko ka kira sunana, dan taɓawar ma kan katse shi. Kar ki yi mamaki yace shima yana yi tun yana makarantar kwana. Ɓoyewar da Gwaggo ke so itace zata sa in ya gani da kanshi wata rana abin ya zama zance.

Sai dai akwai inda zance ki bar duk wannan ki tafi asibiti kai tsaye, ba jiran sati uku. In kina jin muryoyi ko ganin abubuwa da rana tsaka kina ido biyu garau, ba a bakin barci ko farkawa ba, musamman murya mai baki umarni ko zagi. In barci na fizge ki da rana ba shiri ko kina kan keke ko kina magana duk da kin samu isasshe da dare, ko gwiwa ta saki in kin yi dariya sosai, wannan alamar wata lalura ce da ake kira nakolefsi kuma ana maganinta. In kina farkawa da cizon harshe ko fitsarin kwance ko aka ce kina sandarewa kina fizge fizge, a duba farfaɗiya. In akwai zazzaɓi mai zafi da ruɗewa. In abinda ke dawo miki wani tashin hankali ne da kika taɓa gani da idonki, mu da muke Jos mun san abinda garin nan ya gani a 2001 da 2008 da 2010, kuma akwai masu ɗauke dashi har yau. Ko in baƙin ciki ya miki nauyi har kina jin rayuwar ta ishe ki. Haka in kina shan wani magani kullum ko kin daina shi kwatsam, irin maganin barci, ko tiramadol da wasu masu aikin dare ke sha dan ƙarfi, duk suna iya hargitsa barci da mafarki, ki faɗa ma likita gaskiya kar ki ɓoye. Asibitin koyarwa na JUTH da ke Lamingo suna da likitocin ƙwaƙwalwa, kuma zuwa wajensu baya nufin an haukace. In zaki je ki tafi da 'yar takarda da kika rubuta ƙarfe nawa kike kwanciya, ƙarfe nawa kike tashi, kofi nawa na shayi, da ranakun da abin ya faru, zai rage miki dogon bayani.

Ki fara daga daren yau, ki rubuto min bayan sati uku inji yadda ake ciki da kuma yadda kuka ƙare da Gwaggo. Allah ya sawwaƙe, ya baku zaman lafiya.